Giɓin da Ɗantani Maɗori Bai Cike Ba

Ɗantani Maɗori ba ya jefar da ƙashi. In ya gama cin tuwo ya tsotse ɓargon, sai ya jawo wani dutse da yake ajiyewa a gefen tabarma, ya fasa ƙashin a tsaye, ya ɗaga shi wajen haske ya yi ta kallon cikinsa kamar mai leƙa rijiya. Wani lokaci har miya ta bushe a hannunsa bai wanke ba. Matarsa Hansai ta daɗe da daina tambaya. Karnukan unguwa ma sun san sai sun yi haƙuri.

Gidansu yana bayan kasuwar Wudil, ta wajen gangaren kogi, kuma ɗori gado ne a gidan. A zamanin ubansa, har farkon nasa, karayar da ake kawowa ba ta wuce ta wanda jaki ya kayar, ko wanda reshen kuka ya karye da shi, ko makiyayin da saniya ta harba a kara, kasuwar shanu. Ƙashi ya rabu biyu, shi ke nan. Sai a riƙe majinyaci, Ɗantani ya ja, ya daidaita, ya shafa man shanu, ya ɗaure da karare saƙaƙƙu da yake barin tsakaninsu a buɗe don fata ta sha iska. Yakan ce shi ba ya manna komai, bakin ƙashi biyu kawai yake haɗawa su ga juna, sauran kuma tsakaninsu ne da Ubangijinsu. Hannunsa a kan fata yake tsayawa. Aska ta wanzamai ce, bai taɓa riƙe ta a jikin mutum ba.

Abu ɗaya aka san shi da shi: ba ya yarda da bakin majinyaci. Mutanenmu ko suna mutuwa, in ka ce yaya jiki, sai su ce da sauƙi. Saboda haka in zai danna wuri, ba ya kallon ƙafar, fuska yake kallo. A gefen ido da leɓen ƙasa yake karanta abin da baki ya ɓoye.

Sai shekarun kuɗin fetur suka zo. Aka gyara hanyar gabas, kwalta ta yi sumul, manyan motocin siminti suka riƙa bi ta gada suna girgiza ta tun safe har magariba. Aka ƙara wa ma'aikata albashi, kowane gida ya yi babur. Daga nan ƙashin da ake kawo wa Ɗantani ya daina karyewa, ya koma dagargajewa. Akan shimfiɗe mutum a zaurensa, ya laluba ya ji gutsattsari kamar tsingaro a cikin buhu. Ya yi iya abin da ya sani. Wasu sun taka, wasu sun taka da ɗingishi, wasu kuma 'yan uwansu sun ɗauke su ba a sake jin labarinsu ba.

Halliru shi ne ɗansa na fari, malamin firamare a Darki. Da yake ɗan fari ne, Ɗantani bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce malamin makaranta. Ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba, ba su taɓa haɗa ido da gangan ba. In uban na da magana, sai ya faɗe ta a iska, ɗan ya tsinta. Hansai kuwa tata kunyar ta fi, ko shigowarsa ta ji sai ta samu abin yi a bayan ɗaki. Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin ƙiyayya. Masu zama a zaure sun lura cewa duk yamma in ƙarar babur ɗin Halliru ta taso daga bakin hanya, tsohon yakan yanke maganar da yake yi, sai an kashe injin sannan ya ci gaba.

Ranar wata Juma'a, kasuwa ta cika har ta malalo kan titi, wata tirela ta kauce wa garken shanu a bakin gada ta goge babur ɗin. Kafin labari ya iso gida, masu kirki sun riga sun saka shi a mota sun yi Kano da shi. Ɗantani ya same shi a asibiti washegari, an wanke ƙafar an naɗe ta. Likitan, mutum ne mai natsuwa, ya ɗaga hoton ƙashi wajen taga ya nuna masa. Ƙwaurin hagu ne. Sama da ƙasa ƙashi na nan, amma tsakaninsu fari ya yanke, an bar baƙin giɓi mai faɗin yatsa uku. Abin da ya kamata ya zauna a wurin, ya zube a kan kwalta.

Likita ya ce dole ya kwanta watanni har ciwon ya tsabtace. Bayan nan za a yanki ƙugunsa a ɗebo ɗan ƙashi a cike giɓin. Yana iya kamawa, yana iya ƙi. In ya ƙi, sai a cire ƙafar.

Ɗantani ya juya maganar a ransa. A tsage wuri mai lafiya don a gyara marar lafiya, kuma ba tabbas. Ya dubi gadajen da ke jere, ya ga mazaje biyu da mayafinsu ya kwanta daɓe a inda ƙafa ya kamata ta ɗaga shi. Ya ce zai tafi da shi gida.

Likita ya juya wajen Halliru. “Malam, ƙafarka ce. Kai me ka ce?”

Halliru ya dubi hannunsa. “Abin da suka ce.”

Aka kawo shi gida, aka kwantar da shi a ɗakin matarsa Turai. Ɗantani ya yi ɗorin da bai taɓa yin mai kyansa ba. Ya zaɓi kararen ɗaya bayan ɗaya, ya bar 'yar taga a gefe daidai bakin ciwon don a riƙa wankewa. Amma ya san abin da ya sani. Bakin ƙashin biyu ba sa ganin juna. In ya matso da su, ƙafar za ta gajarce ta zama ba ta da amfani. In ya bar su, babu abin da sabon ƙashi zai taka ya haye.

Tunanin ya zo masa ne a tsakar gida. Hansai maginiyar tukwane ce, tana zaune tana cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi, a bayanta kuma duma ya kama danga ya hau har kan rumfa. Ya dubi duman ya daɗe. Ba dangar ce ta yi tsiro ba, ita dai ta tsaya ne kawai aka bi ta kanta. Ya tuna kan ƙashin saniya in an fasa shi, yadda cikinsa yake da ƙofofi kamar soson wanka, jini da ɓargo suna zaune a ciki.

“Hansai, ƙaiƙayin nan in an toya ina yake zuwa?”

“Wuta ta cinye shi mana.”

“Gurbinsa fa?”

“Gurbinsa yana nan. Ta nan tulu yake tsattsafo da ruwa har ya yi sanyi. Yau kuma ginin tukwane za a koya?”

Ya miƙo hannu ta gutsuro masa.

Daga ranar ya koma gefenta da zama. Yana mulmula yumɓu kamar gaɓar rake, tsawon yatsa uku, ya huda tsakiya, ya jera a inuwa, in za ta yi toyi ya cusa nasa a tsakanin tukwanenta. In sun huce sai ya yi musu gwaji biyu. Na farko, ya tsoma gindin kowanne a ruwan zoɓo ya ga ko jan zai hau har sama. Na biyu, ya aza shi a tsaye ya taka da dunduniya. Nan ya gane wahalar abin. Wanda ya sha ƙaiƙayi da yawa yakan zuƙe zoɓon nan da nan, amma da an taka sai ya zama gari. Wanda ya ɗauki nauyinsa bai ko motsa ba, zoɓo ba ya wuce gindinsa. Ya gwada ƙaiƙayin gero, ƙofofin suka yi ƙanana. Ya gwada na shinkafa, suka yi manya amma kowace tana zaman kanta, ba ta buɗe cikin 'yar uwarta ba. Ya fasa ya duba, ya ce ba yawan rami ba ne, sai rami ya san rami. Ya daka ƙonannen ƙashin saniya ya zuba a yumɓun. Ya yanyanka zaren soso ya cuɗa, don in ya ƙone ya bar hanyoyi masu bi ta cikin juna. Hansai tana gyara masa wuta, tana ce masa ita dai a saninta tulun da ya fi sanyaya ruwa shi ya fi saurin fashewa, ba ta taɓa samun duka biyun a abu ɗaya ba.

Ya'u mahauci, taubashinsa, ya same shi a haka, hannu duk laka.

“La ilaha! Maɗori ya koma maginiya. Hansai, ki ara masa zane da ɗankwali mana, Juma'a mai zuwa mu kai shi layin masu tukwane.”

“Kai da ka tsufa kana sayar wa mutane jijiya da sunan tsoka, me ka sani?” in ji Ɗantani. “Akuyar da mota ta taka nake so, mai rai.”

“To yanzu kuma awaki za ka yi wa ɗori? Su da me za su biya ka, da kashi?”

Amma ya kawo. A lokacin awakin da mota ta take ba su da wuyar samu, masu su har murna suke a karɓa. Ɗantani ya zaɓi wadda ƙashinta ya dagargaje fata ta buɗe, don kada ya yi yanka. Ya zura ɗan ƙaramin yumɓun a giɓin, ya ɗaure. Niyyarsa in ya ga akuya ta taka, ya ɗauki abin ya kai wa likitan nan ya ce ga abin da za a saka, ba sai an taɓa ƙugun kowa ba.

Ta farko ta kumbura, ta daina kiwo, Ya'u ya yanka ta. Da suka buɗe ƙafar, yumɓun yana zaune a cikin mugunya, nama ya janye jikinsa daga gare shi. Ta biyu sai da ya dafa abin a ruwan zafi kafin ya saka, ita ma haka ta ƙare. Ta ukun ce ta cuce shi. Ta daɗe, har ta fara dafa ƙasa da kofato, sannan ta kwanta. Da aka buɗe, a kai ɗaya na yumɓun wasu jajayen zarurruka sun kutsa cikin ƙofofin sun kama. Ɗantani ya ɗaga shi wajen rana. Ya ce saura kaɗan. Ya koma wajen yumɓu, damina ta shiga ta kusa fita.

Duk wannan lokacin kullum bayan la'asar yakan shiga duba ɗorin. Yakan yi gyaran murya daga nesa. Turai ta san lokacin, kuma surukinta ne zai shigo ɗakinta. Sai ta riga ta wanke bakin ciwon, ta canja tsumma, ta ɓoye masu datti a bayan randa, ta share ɗakin, ta zuba turaren wuta a kasko har hayaƙi ya cika, sannan ta ja mayafi ta fita. Ba don ta ɓoye komai ba take yi. Haka aka koya mata karɓar babba. Ta so ta yi magana, amma da wane baki suruka za ta ce wa maɗorin gari aikinsa ya ɓaci? Ta faɗa wa Hansai rabi, Hansai ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya sauwaƙe, don ba ta iya zancen jikin ɗanta na fari ba.

Shi kuma in ya shiga sai ya durƙusa wajen ƙafar, ya taɓa kararen, ya danna sama da ƙasa, idonsa a bango.

“Ana jin zafi a nan?”

“Da sauƙi.”

“Ana samun barci?”

“Ana samu.”

Sai ya ce madalla, ya fita. Da wani ne kwance a wurin, da tuni ya kama shi da ƙarya.

Wata safiya Ya'u ya biyo da ƙafar saniya a takarda, ya ce a yi wa Halliru romo. Ba ya jiran iso a gidan, ya yi sallama ya faɗa ɗakin tun ba a kunna turare ba. Bai daɗe ba ya fito. Ya tarar da Ɗantani a gindin rumfa yana jera sababbin gaɓoɓin yumɓu. Ya tsaya a kansa, bai tsokane shi ba.

“Ɗantani.”

“Yau ba zagi? Ko ciniki ne ya ƙi?”

“Shekara nawa ina sana'ar nama? Hancina bai taɓa yi mini ƙarya ba. Tashi ka je ka dubi yaron nan. Ba ƙafar ba. Shi za ka duba.”

Ɗantani ya goge hannunsa a riga. Ya shiga ba gyaran murya. Warin ne ya fara tarbarsa a bakin ƙofa. Ya durƙusa, ya ɗaga kai, ya dubi ɗansa a fuska. Idanun sun faɗa, leɓe ya tsattsage, akwai sawun haƙori a leɓen ƙasa, tsoho da sabo. Halliru ya yi ƙoƙarin kawar da kai, ƙarfinsa bai kai ba. Uban ya sa hannu ya kwance ɗorin da kansa. Da ya ga abin da ke ƙarƙashi, sai ya zauna daɓas a ƙasa.

“Tun yaushe?”

“An ɗan jima, Baba.”

“Me ya hana a faɗa?”

Halliru ya ce, “Na ga ana ta ƙoƙari.”

A akori-kura ta masu shanu aka kai shi, Ya'u ya samo ta. Likitan nan ne dai. Bai yi faɗa ba, bai ce da ma na faɗa ba. Ya duba, ya sake ɗaukar hoto, ya fito ya ja Ɗantani gefe. Ciwo ya ci ƙashin ta kai biyu, giɓin ya ninka. Da a wancan lokacin ne, da akwai abin gwadawa. Yanzu ba ƙafa ake nema ba, rai ake nema.

Ɗantani ya sa hannu a aljihu ya fito da gaɓar yumɓu ɗaya, mafi kyau a cikin waɗanda ya toya. Shi kansa bai san dalilin da ya sa ya taho da ita ba. Ya yi bayani a hankali, na danga da duma, na zoɓo, na akuya ta uku. Likita ya karɓa ya jujjuya, ya ɗiga mata ruwa ya ga ta shanye. Ya ce tunanin ba na wauta ba ne, amma jikin mutum ba ya karɓar laka, abin da zai karɓa kuma shi bai da shi, bai ma san inda ake da shi ba. Ya ce ko da a ce yana da shi a aljihunsa, ba abin da zai zauna a wurin da ya riga ya ruɓe. Ya mayar masa da ita da hannu biyu.

A ƙasan gwiwa aka yanke.

Bayan sun dawo, Ɗantani ya kwashe abin da ya rage na yumɓunsa ya mayar cikin ramin Hansai. Bai daina ɗori ba, mutane ba za su bar shi ba. Amma in an kawo wanda mota ta taka, ya laluba ya ji gutsattsari, ba ya bari a sauke shi. Da kansa yake fita bakin titi ya tsayar da motar Kano. Wasu suka ce tsufa ya kama shi, hannunsa ya mutu. Bai musa ba. Turai ta daina zuba turare a ɗakinta. Ya'u ya yi watanni yana zuwa yana zama, bai sami zagin da zai yi ba.

Halliru ya warke, aka maido shi wata makaranta a cikin gari. Yana zuwa da sanduna biyu, suna cin hammatarsa, in an yi ruwa kuma suna nutsewa a laka. Wata rana da yamma, zaure ba kowa sai tsohon, Halliru ya jingine sandunan ya zauna daga bakin ƙofa, yana duban ƙasa.

“Baba, an ce itacen rimi ba shi da nauyi.”

Ɗantani ya ce, “Haka ne. Sai dai ba ya jure ruwa.”

“To.”

“Akwai waɗanda suka fi shi. A bari a duba.”

Iyakar maganar ke nan. Washegari Ɗantani ya ari gizago a wajen wani masassaƙi, zai sassaƙa wa Halliru ƙafar itace. Bai taɓa sassaƙa ko muciya ba, ga hannu ya fara rawa. Ya sa aka miƙo masa ƙafar dama, ya auna ta da kara tun daga gwiwa har dunduniya, ya zagaye dungun hagu da zare ya ƙulla. Ta farko da ya yi ta fi turmi nauyi, Ya'u ya ɗaga ta ya ce wannan sai dai a ɗaura wa giwa, a ranar ne aka ji Ɗantani ya yi dariya. Ta biyu ta tsage daidai idon sawu. Ta uku ta yi tsawo daidai, ta yi nauyi daidai, sai wurin da dungu zai zauna ne ya rage. Yana rarake shi kaɗan kaɗan, a gwada, ya zana da gawayi inda yake cizo, ya kankare, ya shimfiɗa fatar akuya, a sake gwadawa. Halliru ya fara yin taku biyu, uku, yana dafe da bango.

Ana cikin girbin dawa zazzaɓi ya kwantar da Ɗantani, bai tashi ba. Da aka share zaure don masu gaisuwa, aka sami ƙafar a jingine a lungu, gizago a gindinta. Ta ciki, daga gefen da ke bin bayan gwiwa, akwai zanen gawayi zagaye kamar faɗin kwabo, ba a kankare shi ba. Masassaƙin ya zo ya ce abin ba wuya, in an ba shi zai ƙarasa kafin azahar. Halliru ya gode masa, ya ce a bar ta tukuna, ya jawo sandunansa.